Ɗa Ya Yi Laifi, a Kama Uba? Ga Abin da Doka Ta Tanada

A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in taɓo wata magana da kusan kowane gida a yankinmu ya san zafinta, ko a kansa ko a kan maƙwabci: idan yaro ya aikata laifi, me doka take bin iyayensa?

Ni ɗan yankin Bagauda ne. Duk wanda ya san ƙasar nan tamu, daga Bebeji zuwa Ƙiru, ka bi ta Kwanar Ɗangora ka miƙi hanyar Tudun Wada har Doguwa, ya san wata magana da ake faɗa kamar doka: "In ba a ga ɗa ba a ɗauko uban, ɗan zai fito da ƙafarsa." Yaro ya fizge waya ranar kasuwa ya gudu, sai a wayi gari dattijo yana bayan kanta. Kafin a sako shi an sayar da akuya, wani lokacin har a jinginar da gona. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wanda aka yi wa ɓarna, ya zo neman haƙƙinsa, uban yaro ya kaɗa riga ya ce, "Ni na aike shi?" Abin mamaki, a Bagaudar nan ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya yake, duk shekara ana yaye lauyoyi, amma ƙauyukan da ke kewaye da ita har yau al'ada ce ke yanke wannan hukunci.

Mu da aka turo karatu, mu ake kira in irin wannan ta taso. Za a ce, "Kai da ka yi boko, yaya abin yake?" To ya kamata mu san amsa. Mutane suna cakuɗa abubuwa uku ne wuri guda: hukuncin laifin da yaro ya yi, biyan ɓarnar da ya jawo, da kuma laifin da uban ya aikata da hannunsa. Kowanne da hukuncinsa, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Laifi ba a gadonsa

Ƙa'idar farko ita ce hukuncin laifi yana kan wanda ya aikata shi kaɗai. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa ba za a hukunta mutum ba sai a kan laifin da wata rubutacciyar doka ta ambata, ta kuma faɗi hukuncinsa. Ka duba duk dokokin da kotunan Kano ke aiki da su, babu inda aka ce haihuwar ɓarawo laifi ce. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda Najeriya ta mai da ita dokar gida a 1983, ita ma a sashenta na 7 ta tsayar da cewa wanda ya yi laifi shi kaɗai ake hukuntawa.

Kama wani a madadin wani kuwa, an hana shi ƙarara. Sashe na 7 na dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ya haramta shi. Jihar Kano ta yi tata irin wannan doka a 2019. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake maimaita hanin a sashe na 36, kuma wannan ta hau kan kowane ɗan sanda, ko a Abuja yake ko a bakin dajin Falgore. Saboda haka in an tsare uba, ko uwa, ko wa, ko mata, don kawai a tilasta wa wanda ake nema ya fito, an karya doka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Daga ina wannan al'ada ta samo tushe? Wani ɓangarenta daga tsarin zamanmu ne, inda maigida ke amsa sunan duk wanda ke ƙarƙashin inuwarsa a gaban mai unguwa da dagaci. Wani ɓangaren kuma gadon mulkin Turawa ne, lokacin da akwai dokar da ta ba gwamnati ikon cin tarar gari sukutum saboda laifin mutum ɗaya ko 'yan kaɗan. Zamanin ya wuce, halin ya saura.

A lura da wani abu: gayyatar uba ofishin 'yan sanda don a yi masa tambayoyi, ko don ya kasance a wurin lokacin da ake ɗaukar bayanin ɗansa ƙarami, wannan daidai ne, hasali ma kariya ce ga yaron. Abin da aka hana shi ne a mai da shi jingina.

Shi yaron fa, daga yaushe doka ke kama shi?

Kundin laifuffuka na Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, ya yi bayani a sashe na 50. Yaron da bai kai shekara 7 ba, duk abin da ya yi doka ba ta kiransa laifi. Daga 7 zuwa ƙasa da 12 sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi da abin da zai haifar. In bai kai ba, babu laifi. Daga 12 zuwa sama ana iya tuhumarsa, sai dai ba a yi masa shari'a irin ta manya.

A kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda ke aiki da kundin laifuffukan da Kano ta kafa a 2000, ma'aunin shi ne balaga da hankali. Ba a tsayar da haddi ko ƙisasi a kan wanda bai balaga ba, sai dai ladabtarwa. A mazhabar Malikiyya ana gane balaga da alamominta, in ba su bayyana ba sai a jira cikar shekara 18.

Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta kuma karkata ga gyara fiye da ɗauri. Wannan doka ba ta aiki a jiha sai jihar ta yi tata, Kano kuwa ta yi tata dokar kare yara a watan Mayun 2023, a ƙarshen mulkin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Wuraren ajiye yara masu laifi ma daban suke da gidan yarin manya: akwai gidan ajiye yara na Goron Dutse a cikin birni, akwai gidan horar da matasa na gwamnatin tarayya a Kaduna, ga kuma cibiyar gyaran hali ta Ƙiru a nan ƙofar gidanmu.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawanmu a wannan makaranta mun haura 18. A idon doka mu manya ne. In ɗayanmu ya shiga ƙungiyar asiri, ko damfarar intanet, ko ya fasa wa wani kai, shi zai amsa, babu abin da doka ke bin babansa. Kuɗin gyara da wasu makarantu ke ɗora wa ɗalibai bayan tarzoma, wanda a ƙarshe daga aljihun iyaye yake fita, wannan ya samo asali ne daga ƙa'idojin makaranta da takardar alkawarin da aka sa wa hannu ranar rajista, ba hukuncin kotu ba ne.

Maganar kuɗi: a nan ne uba ke iya shigowa

Ba a ɗaure uba kan laifin ɗansa, amma ana iya sa shi ya biya. Hanyoyin da hakan ke faruwa sanannu ne.

Ta farko tana cikin Dokar Yara da Matasa, wadda Turawa suka fara kafawa a Legas a 1943, ta iso Arewa a 1958. Ta ba kotu iko, idan ta samu yaro da laifin da ya cancanci tara ko biyan ɓarna ko kuɗin shari'a, ta umarci uba ko mariƙi ya biya a madadinsa. Sai dai da sharaɗi: in kotu ta gamsu cewa uban bai taimaka wa aukuwar laifin ta hanyar sakaci da kula da yaron ba, ba za a ɗora masa ba. Kuma dole a ba shi damar ya faɗi ta bakinsa kafin a yanke. Kotu tana iya sa shi ya ɗauki alkawari a rubuce cewa yaron zai kama kansa. Dokar tarayya ta 2003 ita ma ta riƙe wannan tsari na sa iyaye biyan ɓarna. Ka ga ke nan, abin da ake aunawa shi ne sakaci, kuma alƙali ne ke aunawa, ba wanda ya yi kame ba.

Ta biyu ita ce ƙarar neman haƙƙi, wadda wanda aka cuta ke shigarwa da kansa. A tsarin da muka gada daga Ingila, zama uba kaɗai ba ya sa mutum ya biya ɓarnar ɗansa. Zai biya ne in shi ya sa shi, ko ya ba shi abu mai haɗari ba tare da kula ba, ko kuma yaron yana yi masa aiki ne lokacin da abin ya faru.

Mu ɗauki misalin da muke gani kullum. Magidanci ya sayi babur, ya miƙa wa ɗansa ɗan shekara 13 ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Tiga da bakin titi, da yamma ya kawo balas. Yaro ya banke wata tsohuwa ta karye. A Najeriya ba a ba da lasisin tuƙi sai ga wanda ya kai 18. Uban nan ya san shekarun ɗansa, shi ya ba shi makulli, shi ke karɓar kuɗin. Ko ta fuskar sakaci aka bi, ko ta fuskar mai aiki da wanda ya sa shi aiki, kuɗin asibiti a wuyansa yake. Amma da a ce yaron sace makullin ya yi da dare uban yana barci, bai kuma taɓa yin haka ba, to magana ta canza.

Misali na biyu shi ne wanda ya fi tayar da ƙura a yankinmu, musamman da kaka da lokacin noman rani. An tura yaro ɗan shekara 10 kiwo, ya shagala da wasa, shanu suka faɗa gonar masara ko ta shinkafa suka yi kaca-kaca da ita. Wa zai biya? Mai shanun. Ba don ɗansa ne ya yi sakaci ba, a'a, don dabbobinsa ne, kuma shi ya zaɓi wanda zai tsare su. Ko ɗan wani ya ɗauka haya ya ba shi sanda, hukuncin ɗaya ne. Wannan bambanci yana da amfani a wurin sulhu: manomi ya nemi mai dukiya a kimanta ɓarna, kada ya huce a kan yaro. Dukan yaron makiyayi laifi ne mai zaman kansa, kuma sau da yawa daga nan ƙaramar magana ke zama babba.

Abin da fiƙihu ya tanada

Da yake yawancin irin waɗannan shari'o'i a wajenmu kotun shari'ar Musulunci ake kai su, ko a gama su a zauren dagaci da liman, ya kamata mu san abin da malaman Malikiyya suka tafi a kai. Su ma tushensu ɗaya ne: ba a ɗora wa wani nauyin laifin wani.

Idan yaro ya lalata dukiyar mutane, biyan yana kan dukiyar yaron ne in yana da ita, misali gadon da aka bar masa ko dabbar da aka mallaka masa, waliyyinsa ne zai fitar ya biya. In ba shi da komai, bashi ne a kansa har ya samu. Uba yana shigowa ne in shi ya umarce shi ko ya yi sakacin da ya jawo ɓarnar. A kan dabbobi kuma akwai tsohuwar ƙa'ida: ɓarnar dare tana kan masu dabba, domin su ya kamata su ɗaure abinsu, da rana masu gona ake sa ran su tsare gonarsu, amma in akwai makiyayi tare da dabbobin ya yi sakaci, ko aka kora su kusa da shuka, to sai an biya.

Inda dangi ke shigowa gadan-gadan shi ne maganar jini. Idan yaron da bai balaga ba ya kashe mutum, ko da gangan ne, ana ɗaukarsa a matsayin kisan kuskure. Babu ƙisasi, sai diyya, kuma diyyar tana kan abin da malamai ke kira aƙila, wato danginsa maza ta wajen uba. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wanda in aka auna da giram 4.25 kowane dinari ya kama kilo huɗu da kwata na zinariya. Ana raba biyanta cikin shekara uku. A Malikiyya dangi suna ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya ko ya haura. Abin da bai kai ba yana kan dukiyar wanda ya yi raunin.

Kada a ɗauki wannan a matsayin horo ga dangi. Taimakekeniya ce aka wajabta, don kada jinin mutum ya tafi a banza, kada kuma nauyin ya murƙushe gida ɗaya. Ba a tsare kowa a kanta don ɗan uwansa ya gudu.

Inda uba ke jefa kansa da kansa

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne, kuma wannan tausayin ne ke kai iyaye da yawa cikin laifin da tun farko babu ruwansu da shi.

Wanda ya zuga yaro, ko ya ba shi makami, ko ya tsara masa yadda zai yi, Final Kod daga sashe na 83 ta ɗauke shi mai taimaka wa laifi, kuma in an aikata laifin hukuncinsu ɗaya da wanda ya yi. Ko da yaron ya yi ƙanƙantar da doka ba za ta kama shi ba, babban da ya tura shi ba zai tsira ba. Mai aiken yaro ya kai ƙwaya, ko ya ce masa "je ka rama, ina nan", ya san da wannan.

Wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya gane na sata ne, sashe na 317 yana jiransa. Yaron da ba ya sana'ar komai ya shigo da waya mai tsada, ko buhun taki, ko injin ban ruwa, uwa ta karɓa ta tura ƙarƙashin gado, uba ya kai kasuwa ya sayar. Daga wannan lokacin su ma sun zama waɗanda ake tuhuma. Haka wanda ya ɓoye mai laifi don kada a kama shi, ko ya wanke rigar da ta ɓaci da jini, ko ya jefa wuƙa a rijiya, ko ya yi wa masu bincike ƙarya.

Akwai kuma laifin sakaci da yaron kansa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa 'ya'yansu a firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, karon farko gargaɗi ne. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun. Bayan nan naira 5,000 ko wata biyu ko duka. Tarar ta zama abin dariya a kuɗin yau, amma tana nuna inda doka ta dosa. Final Kod kuma ta hukunta jefar da ƙaramin yaro da azabtar da shi. Uban da ya gaji da halin ɗansa ya sa masa mari ya kulle a ɗaki, ko ya kai shi inda za a yi masa haka, ya tuna da samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Neman gyara ba ya halatta azaba.

Tsayawa beli ba wasa ba ne

Hanyar da ta fi saurin jawo wa iyaye asara ita ce sa hannu a takardar beli ba tare da sun fahimci abin da ke ciki ba. Wanda ya tsaya wa mutum ya yi alkawari ne cewa zai kawo shi duk ranar da aka neme shi, in ya kasa zai biya kuɗin da aka rubuta. In yaron ya tsere zuwa Legas ko Fatakwal, kotu za ta kira mai tsayawar ya kawo dalilin da zai hana a karɓi kuɗin. In babu dalili kuma bai biya ba, ana iya kama dukiyarsa, har ma a ɗaure shi na wani lokaci. A nan ma alkawarinsa ne ya kama shi, ba laifin ɗansa ba. Kuɗin da aka rubuta ba a biyansa ranar sa hannu, beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 2015 ta kuma fayyace cewa mace tana iya tsayawa, don haka ba a korar uwa don ita mace ce.

Da yawanmu mun ga hotunan ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar, cikinsu da yara da dama 'yan Kano, har wasu suka yanke jiki suka faɗi. An sa belin naira miliyan 10 kan kowannensu, kuma cikin sharuɗɗan har da iyaye su tsaya. Babu wanda ya tuhumi iyayen nan da komai, amma nauyin ya faɗo kansu. Bayan ƙorafin jama'a, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a saki yaran ranar 4 ga watan.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Faransa ta fi mu tsanani a maganar kuɗi. A dokarsu iyaye suna biyan ɓarnar ɗansu ƙarami ko da ba a nuna sun yi sakaci ba, shi ya sa kusan kowane gida ke da inshorar da ke ɗaukar wannan nauyi. Maƙwabciyarmu Nijar ta gaji tushen dokarta ta haƙƙoƙi daga can. A Ingila ana iya tuhumar yaro daga shekara 10, kuma tun 1998 kotu na da ikon tilasta wa iyaye halartar zaman koyon tarbiyya; wanda ya ƙi a ci shi tara.

Shari'ar da ta fi jan hankalin duniya a Amurka aka yi ta. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 wani yaro ɗan shekara 15 ya harbe ɗalibai huɗu a makarantar sakandare ta garin Oxford a jihar Mishigan. A 2024 kotu ta samu iyayensa, James da Jennifer Crumbley, da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 10 zuwa 15. Wasu sun ɗauka an ɗaure su ne don ɗansu ya yi kisa. Duba abin da aka tabbatar a kansu: uban ne ya sayo bindigar kwana huɗu kafin abin, ba su adana ta inda yaron ba zai kai gare ta ba, kuma da safiyar ranar makaranta ta kira su ta nuna musu wani zane mai tayar da hankali da ya yi, suka ƙi tafiya da shi gida, ba su kuma ambaci bindigar ba. Ko a can ɗin, abin da suka yi da abin da suka ƙi yi ne ya ɗaure su.

A yi dokar ɗaure iyaye?

Duk lokacin da ƙwacen waya ko faɗan daba ya yi ƙamari a Kano, za ka ji masu kira a rediyo suna cewa a riƙa haɗawa da iyaye. Na fahimci zafin da ke sa su faɗin haka. Wanda aka soka wa ƙani wuƙa a kan waya ba ya son dogon bayani. Kuma gaskiya ne akwai iyayen da suka san komai, suna cin abin da aka kawo, in an kama yaro su ne kan gaba wajen karɓo shi. Irin waɗannan ba a buƙatar sabuwar doka a kansu, wadda ke akwai ta ishe su in za a yi aiki da ita.

Amma a ra'ayina dokar da za ta ɗaure uba don kawai shi ya haifa za ta faɗa ne kan marasa galihu. Ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba. Gida ɗaya ke fitar da mahaddaci da ɗan daba. Manomin da ya tafi cin rani, da bazawarar da ke sayar da ƙosai tana riƙe da marayu shida, su za a fara kwashewa, mai hali kuwa ya ɗauki lauya. In ka ɗaure mai ciyar da gida, sauran yaran ka tura su ina? Ma'aunin da ke akwai, wato me ka sani, me ka yi, me ya kamata ka yi ka ƙi, ya fi kusa da adalci.

In abin ya zo gidanku

Idan aka kama wani naku a madadin wani, a je da mutunci a nemi ganin babban jami'in ofishin, a tambayi laifin da ake tuhumar wanda aka tsare da shi shi kansa. A rubuta rana da lokacin da aka kama shi. Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. In an ƙi saurara, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duka suna da ofis a Kano, kuma lauya na iya kai maganar Babbar Kotu.

Idan kuma naku ne ya yi laifin, kada a ɓoye shi, kada a taɓa kayan da ya kawo. Babba ya raka shi, a faɗi shekarunsa na gaskiya, a tafi da takardar haihuwa ko ta makaranta, domin ita za ta hana a haɗa shi da manya. A nemi wanda aka cuta tun da wuri. In ɓarnar dukiya ce, sulhu a gaban dagaci da shaidu, a rubuce, ya fi sauƙi ga kowa. Manyan laifuffuka irin su kisa, fashi da fyaɗe kuwa ba a kashe su a zaure. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Wannan aikin namu ne, mu da muka iya karatu.

Sannan mu dubi ƙannenmu. Sau da yawa wa ko ya sun riga iyaye sanin abokan da yaro ke bi da abin da yake sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mun je hutu muka ga abin da bai kwanta mana ba, mu faɗa wa Baba da Inna tun maganar tana cikin gida. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.